Darasin lissafi: aiki da lokaci

1. Karatu: gonar wa da ƙane

Watan Mayu ne. Zafi ya yi tsanani. Da marece hadari kan haɗu gabas, amma ruwa bai sauka ba tukuna. A wata makaranta ta ƙasar Maraɗi, ƴan aji shida suna shirin jarrabawa. Saura makonni kaɗan.

Da safe malam ya shigo aji. Ya ɗauki alli, ya rubuta bisa babban allo:

«Wani manomi yana da ɗiya maza biyu. Babban, in shi kaɗai ne, yana nome gonarsu cikin kwana 6. Ƙaramin, in shi kaɗai ne, sai ya yi kwana 12. In sun shiga gonar tare, kwana nawa za su yi?»

Yara suka duƙufa bisa ƙananan allunansu. Da aka jima malam ya ƙwanƙwasa tebur, kowa ya ɗaga allonsa. Waɗansu sun rubuta 18. Waɗansu sun rubuta 9. Yaro guda ya rubuta 6. Wata yarinya can baya ta rubuta 4.

Malam ya kira ɗaya daga cikin masu 18.

— Yaya ka yi ka sami 18?

— Malam, na tara 6 da 12.

— To, madalla. Kana da wa a gida?

— I, malam.

— Wanka shi kaɗai yana gama gona cikin kwana 6. Ka ɗauki hauya ka je taya shi, sai aikin ya koma kwana 18. Taya shi ka yi, ko shuka mishi ciyawa?

Aji ya fashe da dariya. Yaron ma ya yi dariya, ya shafe allonsa.

Masu 9 suka ce sun tara 6 da 12, sun raba biyu. Malam ya ce musu 9 ma ta fi 6, ke nan ciwon bai warke ba. Mai 6 ya ce ya ɗebe 6 daga 12. Malam ya ce in haka ne ƙanen kwance ya yi a gindin gawo, wan ya yi aikin duka.

Sa'an nan ya kira yarinyar.

— Malam, na ɗauka gonar layi 12 ce. Wan yana gama layi 12 cikin kwana 6, ke nan kullum layi 2 yake yi. Ƙanen yana gama layi 12 cikin kwana 12, ke nan kullum layi 1. In suna tare, kullum layi 3 ne. Layi 12 a raba uku uku, kwana 4 ke nan.

Wani yaro ya ɗaga hannu.

— Malam, wa ya gaya mata gonar layi 12 ce? Ba a rubuta ba.

Malam ya ji daɗin tambayar. Ya ce a gwada da layi 60. Aka gwada. Wan yana yin layi 10 a yini, ƙanen layi 5, tare layi 15. 60 a raba da 15, aka sami 4. Ya ce a gwada da layi 24. Wan 4, ƙanen 2, tare 6. 24 a raba da 6, aka sake samun 4.

Malam ya ce: «Gonar ko babba ce ko ƙarama, amsar ba ta sakewa. Abin da ƴar'uwarku ta gane shi ne wannan: ba ta tara kwanaki ba, aikin yini guda ta tara.»

2. Tushen darasi

Irin wannan lissafi yana fitowa sau da yawa cikin jarrabawa, musamman wadda ake kira konkur. Konkur ta bambanta da jarrabawar aji. Gurabe ƙidayayyu ne, masu nema da yawa. Wanda ya fi maki shi ake ɗauka. Don haka tambaya guda tana iya raba ɗalibi da gurbi, ko da ya yi shekara yana karatu.

Tambayoyin aiki da lokaci suna sake riga. Yau manoma ne, gobe magina, jibi pampo da kwami. Amma jikinsu guda ne. Ɗalibin da ya riƙe ƙa'ida guda yana iya warware su duka.

A riƙe: ba a tara kwanaki. Ana neman abin da kowa yake yi cikin yini guda, ko awa guda, ko minti guda. Shi ne ake tarawa ko a ɗebe.

3. Hanya biyu, amsa guda

Misali: Wani mai yin tubali yana gama tubalin ɗaki cikin kwana 10. Abokinsa yana gama shi cikin kwana 15. In sun yi tare, kwana nawa?

Hanya ta fari ita ce kasa aiki. Ana neman lamba wadda 10 ke rabawa ba saura, 15 ma ke rabawa ba saura. Mafi ƙanƙanta ita ce 30. Sai a ce aikin duka kashi 30 ne.

Na fari a yini: 30 : 10 = kashi 3.
Na biyu a yini: 30 : 15 = kashi 2.
Su biyu a yini: 3 + 2 = kashi 5.
Kwanakin aiki: 30 : 5 = kwana 6.

Hanya ta biyu ita ce ta «ɗaya bisa». Aikin duka ana kiransa 1. Wanda ke gama aiki cikin kwana 10, a yini guda yana yin ɗaya bisa goma, wato ushiri (1/10). Mai kwana 15 yana yin ɗaya bisa goma sha biyar (1/15). Kafin a tara su, sai an daidaita lambar ƙasa.

1/10 + 1/15 = 3/30 + 2/30 = 5/30 = 1/6.

A yini guda suna yin sudusin aikin. Wanda ke yin sudusi kullum, kwana 6 zai yi ya gama. Ke nan a ƙarshe ana juya lambar: 1/6 na aiki a yini, kwana 6 na lokaci. Ɗalibai da yawa suna mance wannan juyi. Sai su rubuta «1/6 na kwana», su yi asarar maki a bakin ƙofa.

Hanyoyin nan biyu abu guda ne. Lambar 30 da aka zaɓa a hanya ta fari ita ce ta dawo ƙasa a hanya ta biyu. Wanda lamba mai bisa da ƙasa ke ruɗarwa, ya bi hanya ta fari.

Akwai kuma ƴar gajerar hanya, in ma'aikata biyu ne. A riɓanya kwanakin, a tara su, a raba na fari da na biyu: 10 × 15 = 150; 10 + 15 = 25; 150 : 25 = 6. Tana da sauri, kuma tana da kyau wajen binciken amsa. Amma ta mutum biyu ce kaɗai.

Ga mata uku suna sussukar hatsi. Ta fari ita kaɗai awa 4 take yi, ta biyu awa 6, ta uku, yarinya ce, awa 12. Wanda ya bi gajerar hanya zai yi 4 × 6 × 12 = 288, ya raba da 22, ya sami fiye da awa 13. Amsar banza ce, don ta fi lokacin yarinyar ita kaɗai. A koma ga ƙa'ida. Aikin kashi 12 ne. A awa guda: 3 + 2 + 1 = kashi 6. 12 : 6 = awa 2.

4. In an san na tare, ana neman na guda

Misali: Uba da ɗa tare suna girbe gona cikin kwana 8. Uban shi kaɗai yana yin kwana 12. Ɗan shi kaɗai, kwana nawa zai yi?

Lambar da 8 da 12 ke rabawa ita ce 24. Aikin kashi 24 ne.

Su biyu a yini: 24 : 8 = kashi 3.
Uban a yini: 24 : 12 = kashi 2.
Ɗan a yini: 3 − 2 = kashi 1.
Kwanakin ɗan: 24 : 1 = kwana 24.

Wanda ya yi gaggawa zai ɗebe 8 daga 12 ya ce kwana 4. Da haka ne, da ɗan shi kaɗai ya fi shi da ubansa sauri. Hankali ba ya karɓar wannan.

5. Lissafin gayya

Wani lokaci tambaya ba ta bambanta ma'aikata. Ana ɗauka ƙarfinsu daidai ne. A nan ma'aunin shi ne yinin aiki, wato aikin da mutum guda ke yi cikin yini guda. Manoma sun san shi, don da shi ake biyan ƴan ƙwadago.

Misali: Mutum 6 suna nome gona cikin kwana 10. In an yi gayya mutum 15 suka zo, kwana nawa za a yi?

Aikin duka: 6 × 10 = yinin aiki 60.
Kwanakin mutum 15: 60 : 15 = kwana 4.

A nan akwai rami. Ɗalibin da ya saba da ƙa'idar lamba uku yakan rubuta 10 × 15 : 6, ya sami 25. Bai tsaya ya tambayi kansa ba. Mutane sun ƙaru, yaya kwanaki za su ƙaru? Hausawa sun ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya.

A dubi wannan kuma: mutum 6 suna yin tubali 900 a yini, mutum 15, tubali nawa? Mutum guda: 900 : 6 = 150. Mutum 15: 150 × 15 = tubali 2 250. A nan mutane sun ƙaru, tubali ya ƙaru. Lambobin 6 da 15 ba su sake ba, amma tafiyar lissafin ta sake.

A riƙe: in ma'aikata sun ƙaru, abin da suke samarwa yana ƙaruwa, amma lokacin gama aiki yana raguwa. Kafin a riɓanya ko a raba, a tambaya: amsar za ta hau ne, ko za ta sauka?

In an sa awoyi cikin tambaya, ma'aunin ya koma awar aiki. Misali: ma'aikata 8 suna aikin awa 6 kullum, sun gama gini cikin kwana 15. Ma'aikata 10 masu aikin awa 8 kullum, kwana nawa za su yi?

Aikin duka: 8 × 6 × 15 = awar aiki 720.
Abin da mutum 10 ke yi a yini: 10 × 8 = awar aiki 80.
Kwanaki: 720 : 80 = kwana 9.

6. In wani ya tafi ana tsakar aiki

Masu shirya jarrabawa suna son wannan iri, don yana da hawa uku. Ana neman aikin duka. Ana neman abin da aka riga aka yi. Ana neman saura. Sauran shi ake raba wa waɗanda suka rage.

Misali: Mutum 12 za su gina katangar makaranta cikin kwana 20. Bayan kwana 5 ruwan shuka ya sauka, mutum 3 suka koma gona. Kwana nawa aikin zai ci gaba ɗaya?

Aikin duka: 12 × 20 = yinin aiki 240.
Abin da aka yi: 12 × 5 = 60.
Saura: 240 − 60 = 180.
Mutanen da suka rage: 12 − 3 = 9.
Kwanakin sauran aiki: 180 : 9 = kwana 20.
Gaba ɗaya: 5 + 20 = kwana 25.

A lura da bakin tambayar. In an ce «kwana nawa ya rage», amsar 20 ce. In an ce «gaba ɗaya», 25 ce. In an ce «kwana nawa aka makara», 25 − 20 = 5. Lissafi guda, amsa uku. Wanda bai karanta da kyau ba yana iya yin aiki daidai, ya ba da amsar tambayar da ba a yi mishi ba.

A koma gonar wa da ƙane. Sun yi kwana 2 tare, sai aka aiki wan kasuwa mai nisa. Gonar kashi 12 ce. Tare suna yin kashi 3 a yini, cikin kwana 2 sun yi kashi 6. Saura kashi 6. Ƙanen yana yin kashi 1 a yini, ke nan zai ƙara kwana 6 shi kaɗai.

7. Pampo, kwami da huda

Pampo ma'aikaci ne, aikinsa cikawa. Huda ma'aikaciya ce mai ɓarna, aikinta zubarwa. Abin da pampo ke zubawa ana tarawa. Abin da huda ke fitarwa ana ɗebewa.

Misali na fari: Pampo yana cika kwamin shayar da dabbobi cikin awa 4. Kwamin yana da huda wadda ke zubar da shi duka cikin awa 12. In an buɗe pampo ba a toshe hudar ba, awa nawa kafin ya cika?

Kwamin kashi 12 ne. Pampo yana zuba kashi 3 a awa. Huda tana fitar da kashi 1. Abin da ke tsayawa ciki: 3 − 1 = kashi 2. Lokaci: 12 : 2 = awa 6. Hudar ta ci awa 2 ta makiyayi.

Misali na biyu: Pampo guda yana cika kwami cikin awa 4, wani cikin awa 6. In an buɗe su tare fa?

Kwamin kashi 12 ne. A awa guda: 3 + 2 = kashi 5. Lokaci: 12 : 5 = awa 2,4.

Ga wani rami. Awa 2,4 ba awa 2 da minti 4 ba ce. Ba kuma awa 2 da minti 40 ba ce. Awa guda minti 60 gare ta, ba 100 ba. Sai a riɓanya abin da ke bayan waƙafi da 60: 0,4 × 60 = 24. Amsar ita ce awa 2 da minti 24.

Wanda ya fi son rabawa mai saura, ya yi haka: 12 : 5 = 2, saura 2. Sauran awa 2 minti 120 ne. 120 : 5 = minti 24. Amsa guda ce.

Wannan lissafi ba na jiya ba ne. A ƙasar Sin akwai wani tsohon littafi mai suna «Babi Tara na Lissafi». An haɗa shi zamanin sarakunan Han, kusan shekara 2 000 ke nan. A babinsa na shida akwai tambayar wani tafki da magudana biyar. Ta fari tana cika shi cikin sulusin yini, ta biyu cikin kwana 1, ta uku cikin kwana 2 da rabi, ta huɗu cikin kwana 3, ta biyar cikin kwana 5. Ɗan aji shida yana iya warware ta. A ce tafkin kashi 15 ne. Magudana ta fari tana cika shi sau uku a yini, kashi 45 ke nan. Ta biyu 15, ta uku 6, ta huɗu 5, ta biyar 3. Jimla: kashi 74 a yini. Tafkin zai cika cikin 15/74 na yini, wato kusan humusin yini. Amsar da ke cikin littafin ke nan.

8. Rabon kuɗin aiki

Masu yin tubalin nan biyu, mai kwana 10 da mai kwana 15, sun gama tare cikin kwana 6. Mai ɗaki ya ba su jika 15, wato 15 000 F, ya ce su raba gwargwadon aikin kowa.

Aikin kashi 30 ne. Kuɗin kashi guda: 15 000 : 30 = 500 F.
Na fari ya yi: 3 × 6 = kashi 18. Kuɗinsa: 18 × 500 = 9 000 F.
Na biyu ya yi: 2 × 6 = kashi 12. Kuɗinsa: 12 × 500 = 6 000 F.
Bincike: 9 000 + 6 000 = 15 000 F.

Waɗansu ɗalibai sukan ga 15 ta fi 10, sai su ba mai kwana 15 babban rabo. Kuskure ne. Yawan kwanakinsa alamar rashin saurinsa ce. A takardar jarrabawa wannan kuskure maki yake ci. A cikin gari haƙƙin mutum yake ci, yana kuma raba abokai.

9. Kalmomin faransanci da za a gamu da su

Tambayar takan zo cikin faransanci. Ɗalibin da ya gane lissafin cikin harshensa, abin da ya rage mishi shi ne ya gane rigar da aka sa wa tambayar.

seul: shi kaɗai
ensemble: tare
ouvrier: ma'aikaci
achever, terminer: gamawa
le reste: saura
en tout: gaba ɗaya
robinet: pampo
remplir: cikawa
vider: zubarwa, kwashewa
fuite: huda, yoyo
dénominateur commun: lambar ƙasa ta tarayya
règle de trois: ƙa'idar lamba uku

10. Ranar jarrabawa

Ɗalibi ya karanta tambaya sau biyu kafin ya taɓa alƙalami. Ya ja layi ƙarƙashin abin da ake nema.

Ya duba ma'auni. In wani lokaci cikin awa yake, wani cikin minti, sai a mai da su iri guda tun farko.

Ya yi ƙiyasi kafin lissafi. In mutum biyu ne ke aiki tare, amsar tana da iyaka biyu. Ba za ta kai lokacin wanda ya fi sauri ba, tun da an taya shi. Ba kuma za ta gaza rabin wannan lokaci ba, don ko da ƙarfinsu daidai ne, rabi kaɗai za su yi. A gonar wa da ƙane, amsar tana tsakanin kwana 3 da kwana 6. Da yara sun yi wannan ƙiyasi, da 18 da 9 da 6 ba su hau allo ba.

Ya rubuta jimla guda gaban kowane lissafi: «aikin wan a yini guda», «sauran aiki», «kwanakin da suka rage». Mai gyaran takarda yana bin sawun tunani. Ko an yi tuntuɓe wajen rabawa, sawu mai kyau yakan sami wani abu.

Ya sa ma'auni gaban amsa. «4» kaɗai ba amsa ba ce. Kwana 4 ne, ko awa 4, ko mutum 4?

Ya bincika. A kwana 4 wan ya yi 4/6 na gona, ƙanen ya yi 4/12. 8/12 + 4/12 = 12/12. Gonar ta cika, amsar daidai ce.

In tambaya ta tsaya mishi, ya wuce gaba, ya dawo mata daga baya. Ba a ƙone lokacin tambaya uku saboda guda.

11. Inda lissafin ke tsayawa

Lissafin nan yana tsaye bisa sharuɗɗa. Yana ɗauka mutum ba ya gajiya, aikinsa na yau daidai da na gobe. Yana ɗauka ma'aikata ba sa tare wa juna hanya. Yana ɗauka aikin mai rabuwa ne, kamar layukan gona.

Ba kowane aiki ke rabuwa ba. In mai haƙa yana gama rijiya cikin kwana 30, mutum 30 ba za su gama ta cikin yini guda ba. Gindin rijiya ba ya ɗaukar mutum 30. Tubali kuma, ko mutum ɗari suka yi shi, sai ya sha rana ya bushe kafin a ɗora. A jarrabawa ana bin sharuɗɗan tambaya. A gona da wurin gini ana haɗa lissafi da ido.

Yaron nan mai 18 ya riƙe darasin. Da aka yi gwaji na gaba, aka ba da tambayar pampo biyu, mai awa 3 da mai awa 6. Kafin ya fara, ya rubuta a gefen takarda: «tsakanin awa 1 da rabi da awa 3». Sa'an nan ya kasa kwamin kashi 6.

12. Aikin yi

1) Yarinya tana cika randunan gida cikin awa 3. Ƙanwarta tana cika su cikin awa 6. In sun je rijiya tare, awa nawa za su yi?

2) Garmar shanu tana gama gonar gujiya cikin kwana 5. Mai hauya yana gama ta cikin kwana 20. In sun yi tare, kwana nawa?

3) Teloli biyu tare suna gama ɗinkin salla cikin kwana 12. Na fari shi kaɗai kwana 20 yake yi. Na biyu shi kaɗai fa?

4) Mutum 9 suna girbe gona cikin kwana 8. Mai gona yana son a gama cikin kwana 6. Mutum nawa zai ƙara?

5) Mutum 10 za su gyara hanya cikin kwana 18. Bayan kwana 6 aka ƙaro mutum 5. Kwana nawa aikin zai ci gaba ɗaya?

6) Pampo yana cika kwami cikin awa 5. Huda tana zubar da shi cikin awa 20. In pampo yana zuba huda tana yoyo, yaushe zai cika? A ba da amsa cikin awa da minti.

7) Ƴan ƙwadago uku sun ɗauki aiki. Na fari shi kaɗai kwana 6 yake yi, na biyu kwana 8, na uku kwana 24. Sun yi tare, an biya su 24 000 F. Kwana nawa suka yi? Nawa kowa zai samu gwargwadon aikinsa?

8) Kaza guda tana yin kwana 21 bisa ƙwai kafin ta ƙyanƙyashe. Kaji 3 sun fara kwanci rana guda. Kwana nawa za su yi?

13. Amsoshi

Kada a duba nan sai an gama aikin.

1) Kashi 6; 2 + 1 = 3; awa 2.
2) Kashi 20; 4 + 1 = 5; kwana 4.
3) Kashi 60; 5 − 3 = 2; kwana 30.
4) 9 × 8 = 72; 72 : 6 = 12; zai ƙara mutum 3.
5) 180 − 60 = 120; 120 : 15 = 8; 6 + 8 = kwana 14.
6) Kashi 20; 4 − 1 = 3; 20 : 3 = 6, saura 2; 120 : 3 = 40; awa 6 da minti 40.
7) Kashi 24; 4 + 3 + 1 = 8; kwana 3. Kashi guda 1 000 F ne. Na fari 12 000 F, na biyu 9 000 F, na uku 3 000 F.
8) Kwana 21. Wanda ya sami 7, ya sake karanta sashe na 11.